Shirin gida don ɗaukewar wutar lantarki a lokacin zafi

Shirin gida don ɗaukewar wutar lantarki a lokacin zafi shi ne tanadin da magidanta ke yi kafin shigowar watannin zafi, domin kare lafiyar mutanen gida da abincinsu da kayan lantarkinsu idan wuta ta ɗauke. Shirin ya ƙunshi tanadin ruwa da haske, kare na'urori daga hauhawa da faɗuwar ƙarfin wuta, samar da wata hanyar wuta ta wucin gadi, da kuma sanin yadda za a sanyaya jiki ba tare da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki ba. A ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa lokacin zafi yana kamawa daga watan Yuni zuwa Agusta. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar kuwa bazara ce, wato daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai.

Kalmomi

A Hausa kalmar wuta ita ce aka faɗaɗa ma'anarta ta ɗauki lantarki, shi ya sa ake cewa an ɗauke wuta, an kawo wuta, ko wuta ba ta da ƙarfi. Kalmar lantarki kuwa aro ce daga Turanci. A Najeriya sunan tsohuwar hukumar lantarki, NEPA, ya rikiɗe ya zama sunan wutar kanta, har ana cewa babu nefa ko nefa ta kawo, duk da cewa hukumar ta daina aiki da wannan suna tun 2005. Haka nan akwai bambanci tsakanin ɗauke wuta da yanke wuta. Ɗaukewa takan shafi unguwa ko gari gaba ɗaya, yankewa kuma ita ce cire layin gida ɗaya, galibi saboda bashi.

Dalilan yawan ɗaukewar wuta a lokacin zafi

Dalili na farko shi ne ƙaruwar buƙata. Fankoki, firji, injin tura ruwa da na'urorin sanyaya ɗaki duk sukan yi aiki a lokaci guda, musamman da rana tsaka da kuma farkon dare. Idan abin da ake ja ya wuce abin da tashoshi ke samarwa, kamfanonin rarraba wuta sukan koma rabon wuta, a ba wannan unguwa a hana waccan.

Na biyu, zafi yana rage ƙarfin kayan aikin kansu. Taransfoma tana buƙatar iska mai sanyi don ta huce, idan kuma kaya suka yi mata yawa a rana mai zafi sai manta ya yi zafi fiye da kima, ta ƙone. Wayoyin sama sukan miƙe su yi laushi su sauko, har su taɓa bishiya. Injinan da ke aiki da iskar gas ma ƙarfinsu yana raguwa idan iskar da suke zuƙa ta yi zafi.

Na uku, a ƙarshen rani ruwa yakan ja baya a madatsun da ake samar da wuta daga gare su. Na huɗu kuma shi ne guguwar farkon damina, wadda ke karya turakun wuta ta tsinka wayoyi, ta zo da tsawa.

An ga haɗuwar waɗannan dalilai a wurare da dama. A ranar 14 ga Agusta 2003 wayoyi a jihar Ohayo ta Amurka suka sauko suka taɓa bishiyoyi, matsalar ta bazu har mutum kimanin miliyan 50 suka rasa wuta a arewa maso gabashin Amurka da lardin Ontariyo na Kanada. A ranakun 30 da 31 ga Yuli 2012 babban layin wuta na arewacin Indiya ya durƙushe, abin ya shafi mutum fiye da miliyan 600. A watan Yunin 2015 zafi ya kashe fiye da mutum 1,000 a birnin Karachi na Pakistan, a daidai lokacin azumi da yawan ɗaukewar wuta. A farkon Afrilun 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako kuma ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a kwanaki huɗun farko na watan, yayin da birnin ke fama da rashin wuta.

Halin da ake ciki a Najeriya da Nijar

An kafa NEPA a 1972, aka mayar da ita PHCN a 2005, sannan a watan Nuwambar 2013 aka fara miƙa kamfanonin samar da wuta da kamfanonin rarrabawa 11 ga 'yan kasuwa. Kamfanin TCN, mai kula da manyan layuka, ya ci gaba da zama a hannun gwamnati. Kamfanin KEDCO ne ke rarraba wuta a Kano, Katsina da Jigawa. Na Kaduna yana kula da Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara. Na Jos yana da Filato, Bauchi, Gombe da Binuwai, na Yola kuma yana da Adamawa, Taraba, Borno da Yobe. Mafi yawan wutar ƙasar daga iskar gas ake samar da ita a kudu, sauran kuma daga madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru. Abin da ke shiga babban layi galibi yana tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000, ga al'ummar da ta haura miliyan 200.

Hukumar NERC ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar bisa yawan awannin da aka yi alkawarin ba su a rana: rukunin A aƙalla awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. Sanin rukunin da gida yake ciki shi ne matakin farko na shiri, domin tanadin mai samun awa 20 ya bambanta da na mai samun awa 4.

Arewa tana ƙarshen dogayen layuka, saboda haka lalacewar layi ɗaya kan jefa jihohi da yawa cikin duhu. A watan Oktobar 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna kuma layin da ya biyo ta Makurdi ya samu matsala, jihohin arewa da dama sun shafe fiye da mako guda babu wuta. Maiduguri ta daɗe cikin duhu bayan da mayaƙa suka fasa turakun layin Damaturu a watan Janairun 2021. A Nijar, kamfanin NIGELEC ya daɗe yana sayen kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarsa daga Najeriya. Da aka katse ta a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki, Yamai, Maraɗi da Damagaram sun shiga rabon wuta mai tsanani, har zuwa lokacin da aka janye takunkumin a 2024.

Yadda wuta ke lalata kayan lantarki

Ɗaukewar wuta ita kaɗai ba ta cika ƙona kaya ba. Ɓarnar ta fi faruwa kafin a ɗauke da kuma lokacin da aka dawo da ita. Ƙa'idar wutar gida a Najeriya ita ce bolt 230, a Nijar kuma 220. Akwai hanyoyi huɗu da ake kauce wa wannan ƙa'ida.

Wuta maras ƙarfi. Idan taransfoma ta yi nauyi, ƙarfin wuta kan faɗi ƙasa da bolt 180, ƙwai ya yi ja, fanka ta riƙa juyawa da ƙyar. Wannan yanayi ya fi cutar da na'urori masu mota a ciki, kamar firji, injin tura ruwa da na'urar sanyaya ɗaki. Motar takan kasa tashi, ta riƙa jan wuta fiye da kima, wayoyin cikinta su yi zafi su ƙone.

Tsallen wuta. Wannan hauhawa ce ta ɗan ƙanƙanin lokaci, ƙasa da ƙiftawar ido, wadda kan zo da dawowar wuta ko da tsawa. Ta fi illata talabijin, dikoda, kwamfuta da caja.

Wuta mai ƙarfi da ta daɗe. Layukan unguwa uku ne, da waya ta huɗu da wuta ke komawa ta cikinta. Tsakanin layi ɗaya da wayar komawa akwai bolt 230, tsakanin layi da layi kuma kusan 400. Idan wayar komawa ta tsinke ko aka sace ta, wasu gidaje kan samu wutar da ta doshi 400, kaya su ƙone a unguwa gaba ɗaya cikin minti kaɗan. Alamarta ita ce ƙwai ya yi haske fiye da yadda aka saba, fanka ta riƙa gudu da ƙara. Idan an ga haka akan kashe babban makunnin gida nan take.

Ɗaukewa da dawowa a jere. Kwamfireson firji yana buƙatar minti uku zuwa biyar kafin matsin iskar cikinsa ya daidaita. Idan wuta ta ɗauke ta dawo cikin daƙiƙu, zai yi ƙoƙarin tashi a kan matsin, abin da ke rage masa kwana.

Kayan kariya

Hanya mafi arha kuma mafi tabbas ita ce cire filogi daga soket da zarar an ɗauke wuta, a bar ƙwai ɗaya a kunne domin a san lokacin da ta dawo. Idan ta dawo akan jira minti biyar zuwa goma ta daidaita, sannan a kunna kaya ɗaya bayan ɗaya, a bar masu nauyi zuwa ƙarshe. Lokacin hadari mai tsawa ana cire wayar eriya da ta tauraron ɗan'adam ma, domin tsawa tana bin su.

Sitabilaiza tana ɗaga wuta maras ƙarfi, tana kuma rage mai ƙarfi, amma tana da iyakar da aka rubuta a jikinta. Idan wuta ta faɗi ƙasa da wannan iyaka ba za ta iya komai ba. Ana zaɓar wadda ƙarfinta ya zarce na na'urar da za a jona mata da tazara mai kyau, saboda firji yakan ja ninkin wutar aikinsa sau da yawa a lokacin tashi.

Mai gadin firji wata 'yar na'ura ce da ake sawa tsakanin soket da filogi. Tana yanke wuta idan ta yi sama ko ƙasa da yawa, kuma tana jinkirta kunnawa na 'yan mintuna bayan wuta ta dawo. Akwai irinta babba da ake sawa a allon rabon wuta don ta kare gida duka.

Soket mai tare tsallen wuta yana ɗauke da wani ɗan ƙarfe da ke karkatar da hauhawar zuwa ƙasa. Wannan ƙarfe yana cinyewa kaɗan-kaɗan da kowane tsalle, don haka soket ɗin da ya yi shekaru yana iya ba da wuta alhali ya daina karewa. Ba ya maganin wuta maras ƙarfi, ba ya jure tsawar da ta faɗo kai tsaye, kuma aikinsa bai cika ba sai gidan yana da wayar ƙasa, wato wadda aka haɗa da sandar ƙarfe da aka binne. Gidaje da yawa ba su da ita, ko kuma ta yi tsatsa ta rabu. Dogon soket na kasuwa mai ramuka da yawa ba lallai ne yana da wannan kariya ba.

UPS batir ne ƙarami da ke karɓar kwamfuta nan take idan wuta ta ɗauke. Yakan riƙe ta na 'yan mintuna, gwargwadon yadda za a adana aiki a kashe ta yadda ya kamata. Batirinsa yakan mutu cikin shekara biyu zuwa uku, ko ƙasa da haka a ɗaki mai zafi.

Kafin bazara ana kiran mai gyaran wuta ya duba allon rabon wuta, ya ɗaure wayoyin da suka yi sako-sako, ya canza soket ɗin da ya yi baƙi ko yake wari. Al'adar sa waya mai kauri a madadin fiyus tana hana shi tsinkewa a lokacin da ya kamata, abin da kan jawo gobara. Haka ma canza layi da hannu a wurin mita, wanda ake yi a gidaje masu layi uku, yana kashe mutane. Makunnin canza layi ne ya dace da wannan aiki.

Wutar wucin gadi

Kafin a sayi janareta ko inbata ana lissafa nauyin kayan da ba za a iya haƙura da su ba. Kowace na'ura an rubuta yawan wat ɗinta a jikinta. Misali, gida mai ƙwai huɗu na wat 10, fanka biyu na wat 70, talabijin na wat 60 da cajin wayoyi na wat 10 yana jan wat 250. Idan ana so su yi awa huɗu, ana buƙatar wat-awa 1,000. Dutsen guga, hita da butar lantarki kowannensu yana jan wat 1,000 zuwa 2,000, saboda haka ba a cika sa su a wannan lissafi ba.

Janareta

Janareta, wanda aka fi kira inji, shi ne madogarar gidaje da shaguna da yawa, ko da yake cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya sa ta da shi ya yi tsada. Ƙaramin da ake gauraya masa fetur da baƙin mai bai kai wat 1,000 ba, yana ɗaukar ƙwai da fanka da talabijin. Wanda aka rubuta wa 2.5 kVA yana ba da kusan wat 2,000.

Babban haɗarinsa shi ne iskar kabon monoksaid da ke fita ta salansa. Ba ta da launi ba ta da wari, tana hana jini ɗaukar iskar numfashi, kuma tana kashe mai barci ba tare da ya farka ba. A Najeriya an sha samun iyali gaba ɗaya sun mutu a ɗaki saboda an shigar da inji cikin gida don gudun ɓarayi ko ruwan sama. Hukumomin lafiya suna ba da shawarar a ajiye shi a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa yana kallon waje. Zaure, baranda, kicin da ƙarƙashin bene duk ba wurin inji ba ne ko da an buɗe taga. Alamun shaƙar iskar su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, musamman idan sun kama mutane da yawa a lokaci ɗaya. Akan fitar da su waje a garzaya asibiti.

Ba a zuba wa inji mai yana aiki ko yana da zafi, kuma ba a haska tanki da ashana ko kyandir. Ana ajiye jarkar fetur a inuwa nesa da murhu. Dole ne a haɗa inji da gida ta makunnin canji, wanda ke raba shi da layin kamfani. Idan babu shi, wutar inji kan koma kan layin unguwa ta kama ma'aikacin da ke gyara a kan turke, injin kuma ya ƙone idan wuta ta dawo.

Inbata da batir

Inbata tana juya wutar batir zuwa irin wutar gida. Ba ta da hayaƙi ba ta da ƙara, amma abin da aka tara a batir kawai take bayarwa. Batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 200Ah yana ɗauke da wat-awa 2,400 a lissafi. Idan mai ruwa ne, ba a so a sha fiye da rabinsa, domin ƙarar da shi kullum yana kashe shi da wuri. Inbata ma tana cin nata kaso. Abin da zai rage kusan wat-awa 1,000 ne, wato awa huɗu ga gidan da aka yi misali da shi a sama. Batirin litiyam yana jure a sha kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari kuma ya fi daɗewa, sai dai ya fi tsada.

Zafi shi ne babban makashin batir. Ga batir mai ruwa, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana rage kwanansa da kusan rabi. Ana ajiye shi a wuri mafi sanyi a gida, inda iska ke shiga, domin yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji. A bazara ruwansa yana saurin ƙafewa, sai a riƙa dubawa ana ƙara ruwan batir. Ruwan famfo ko na rijiya yana lalata shi.

Sola

Farantin sola ya dace da yankin Sahel saboda yawan rana, amma haske yake so, zafi kuwa yana rage masa ƙarfi da kusan kashi 0.4 cikin ɗari ga kowane digiri sama da 25. Shi ya sa ake ɗaga shi daga kan kwano domin iska ta ratsa ƙarƙashinsa. Ƙura ma tana tare haske, don haka ana wanke shi da sassafe ko da yamma, lokacin da gilashin ya huce. Ga mai ƙaramin ƙarfi akwai fitilar sola da fanka mai caji, wadda ke cin wat 15 zuwa 30 kawai.

Waya da kwamfuta

Batirin waya da na kwamfutar hannu suna lalacewa idan ana cajinsu cikin zafi. Ba a barin su a rana, a cikin mota, ko a ƙarƙashin matashi. Batirin da ya kumbura an daina amfani da shi ke nan. Fawabank mai 10,000mAh ba ya ba da duk abin da aka rubuta, kusan kashi biyu cikin uku ne ke isa waya, wato ya cika waya mai 5,000mAh sau ɗaya da ɗan ƙari. Rage hasken fuska da kashe data suna tsawaita caji. Akan rubuta muhimman lambobi a takarda, a ajiye 'yan kuɗi a hannu saboda na'urar POS da hanyar sadarwa kan tsaya, a kuma sa kati a mita tun kafin ya ƙare. Rediyo mai batir yana kawo labari ko da komai ya mutu.

Abinci da magani

Hukumomin kula da abinci na Amurka sun ƙiyasta cewa firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kimanin awa 4, firiza cikakkiya awa 48, mai rabin kaya kuma awa 24. A ɗaki mai tsananin zafi lokacin yakan gaza haka. Shi ya sa ake cike gurbin firiza da robobin ruwa idan akwai wuta, su zama ƙanƙara, a kuma rage yawan buɗewa. Nisanta firji daga bango da murhu da share ƙurar bayansa suna taimaka masa ya yi sanyi da wuri a 'yan awannin da aka samu wuta.

Nama, kifi, madara, dafaffiyar shinkafa da miya su suka fi saurin lalacewa. Idan sun wuce awa biyu a sama da digiri 4, ko awa ɗaya a rana mai zafi sosai, akwai haɗari. Wari da ɗanɗano ba sa nuna kowace irin lalacewa, ɗumame kuma ba ya kashe dafin da wasu ƙwayoyin cuta suka riga suka zuba. A bazara gidaje da yawa kan koma cefanen yini ɗaya da tsofaffin hanyoyin adana abinci: soya nama ya bushe, kilishi, busasshen kifi, busasshen tumatir da kuɓewa, kuka da daddawa.

Randa da tulu suna sanyaya ruwa saboda yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi ta tafi da zafin. A kan wannan hikima Mohammed Bah Abba, wani malami a jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a shekarun 1990: a sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Tana sa tumatir, tattasai da ganye su yi kwanaki ba su lalace ba, kuma ta ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ta fi aiki a busasshiyar iska irin ta bazara, amma sanyinta bai isa ajiye ɗanyen nama ba.

Masu ciwon sukari da ke allurar insulin suna da buƙata ta musamman. Kwalbar da aka fara amfani da ita galibi tana iya yin mako huɗu a zafin da bai wuce digiri 30 ba, sauran kuma sai a firji. Ba a barin ta ta daskare ko rana ta same ta. Ana tuntuɓar likita ko mai harhaɗa magani tun kafin bazara a kan yadda za a adana ta.

Ruwa da haske

A unguwannin da suka dogara da rijiyar burtsatse, rashin wuta yana nufin rashin ruwa, kuma farashin 'yan garuwa da na ƙanƙara kan tashi a lokacin. Ana cika tanki da duro da zarar an kawo wuta, ko da tsakar dare ne. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke amfani da shi shi ne aƙalla lita 15 ga mutum ɗaya a rana don sha, girki da tsafta, a bazara kuwa buƙata ta fi haka. Ana rufe mazubin ruwa saboda sauro da faɗawar yara.

Tocila da fitila mai caji sun fi kyandir da fitilar kananzir aminci, kuma ba sa ƙara wa ɗaki zafi. Ana ajiye su a wurin da kowa ya sani, wanda za a iya lalubawa cikin duhu. Wata sananniyar hanyar gobara ita ce a ɗauke wuta ana guga ko an sa hita a bokiti, a manta ba a kashe ba, wuta ta dawo bayan an fita ko an yi barci. Saboda haka ake zagaya gida a kashe komai kafin a kwanta ko a rufe shago.

Kare lafiya daga zafi

Waɗanda zafi ya fi yi wa illa su ne jarirai, tsofaffi, masu juna biyu, da masu ciwon zuciya, ƙoda, hawan jini ko sukari. Ɗakin bulo mai rufin kwano babu silin yana tara zafi da rana ya riƙa sakin sa da dare, ɗakin ƙasa mai kaurin bango kuwa ya fi sanyi. Ana rufe taga da labule a ɓangaren da rana ke bugawa, a buɗe su da dare. Rumfa da bishiya irin darbejiya suna rage zafin tsakar gida. Masu kwana a waje suna buƙatar gidan sauro. Cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa yana taimaka wa yaɗuwar sanƙarau, wanda lokacinsa ya zo daidai da rani da bazara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da fanka idan zafi bai kai digiri 40 ba, domin sama da haka iskar da take kaɗawa tana ƙara wa jiki zafi. Jiƙa fata ko tufafi, yawan watsa ruwa da sa kaya marasa nauyi na auduga suna taimakawa. Ana shan ruwa tun kafin a ji ƙishirwa. Idan azumi ya faɗo a bazara, akan yawaita shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur, a kuma guji aikin ƙarfi da rana tsaka. Wanda ya yi gumi da yawa ana iya ba shi ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta.

Alamun galabaita su ne yawan gumi, jiri, ciwon kai da ɗaurewar jijiya. Idan jiki ya yi zafi ƙwarai, mutum ya rikice, yana sambatu ko ya suma, bugun zafi ne, kuma yana kisa cikin ɗan lokaci. Akan kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a riƙa zuba masa ruwa ana yi masa fifita, a nufi asibiti ba tare da jinkiri ba. Ba a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. Lambar kiran gaggawa a Najeriya ita ce 112.

Bayan wuta ta dawo

Ana duba hasken ƙwai a tabbatar wutar daidai take kafin a jona manyan kaya. Ana fara cajin fitilu, wayoyi da batir, a tura ruwa tanki, a duba abincin firji a zubar da wanda ake shakka. Wayar da ta faɗo a hanya bayan guguwa ana ɗaukar ta a matsayin mai wuta, a nisance ta, a hana yara da dabbobi kusantarta, a sanar da ofishin kamfanin rarraba wuta mafi kusa.

Duba kuma

Wutar lantarki a Najeriya
Madatsar Kainji
Makamashin hasken rana
Bazara
Sanƙarau